Ranar Da Gwaggo Ta Kasa Karanta Littafina

Yau ba ci gaban labari na zo muku da shi ba, sai ku yi mini afuwa. Wata magana ce ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, na ga idan ban fito da ita ba hankalina ba zai kwanta ba. Kuma tun kafin wata ta ce na zo nuna wa mutane yatsa, bari in faɗa da bakina: duk laifin da zan lissafa a nan, ni ce ta farko da ta aikata shi.

Maganar ita ce yadda muke zuba rubutunmu a intanet. Ba zancen daɗin labari nake yi ba, ba kuma zancen tarbiyya ba, wanda aka daɗe ana ja-in-ja a kansa tun lokacin da aka laƙaba mana sunan adabin kasuwar Kano. Zancen tsari nake yi: ina sunan littafi, ina babi, ina farko ina ƙarshe, wa zai iya karantawa, wa kuma zai iya samu idan ya nema. Abu biyu ne suka faru da ni suka farkar da ni, bari in ba ku su ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ya faru a Hunkuyi

Ina da gwaggo a Hunkuyi, hedikwatar ƙaramar hukumar Kudan, ita ce autar su Babanmu. Tana cikin yaran da aka kwasa aka sa a firamare lokacin shirin ilimi kyauta na UPE a 1976. Aji shida ta gama aka yi mata aure, to amma karatun Hausa ya zauna mata daram. A ɗakinta na fara ganin littafin hikaya na zamani. Tana da wata tsohuwar adaka a ƙarƙashin gado, cike da littattafan da take ba matan unguwa haya: su In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, da Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, da Allura Cikin Ruwa na Hajiya Bilkisu Funtuwa, da wasu da dama. Kowane littafi ta rubuta masa lamba a bango, na ɗaya da na biyu da na uku a ɗaure da zare wuri guda, ga kuma wani ɗan littafin rubutu da take sa sunan wadda ta ɗauka da ranar da za ta dawo da shi. Ko cikin duhu ka ce mata ga littafin da kake so, hannu kawai za ta zura ta zaro maka. Idan yau ana kirana marubuciya, to daga bakin wannan adakar abin ya faro.

Shekara uku da suka wuce ciwon suga ya taɓa mata ido. An yi ta zirga-zirga zuwa asibitin ido a Kaduna, likitoci sun yi iyakar ƙoƙarinsu, amma ganin ya tafi, sai ɗan haske-haske da take iya bambancewa. Ɗanta da ya yi karatun aikin lafiya a Makarfi shi ya kunna mata wata manhaja da ke cikin wayoyin Android mai suna TalkBack, wadda ke karanta wa mutum abin da ke fuskar waya da murya. Masu iPhone tasu ana ce mata VoiceOver. Muryar da ke wayar Gwaggo ta Turawa ce, tana karanta Hausa da gargada kamar baƙon da ya sauka jiya, amma da yake mace ce mai naci, cikin 'yan watanni kunnenta ya saba, har ta kai tana sauraren labaran duniya da saƙonnin 'yan uwa ba tare da ta jira kowa ba.

Da na gama sabon littafina sai na tura mata ta WhatsApp kamar yadda nake tura wa kowa, ina ta murna za ta ji. Da Sallah na je gaishe ta, bayan mun gaisa na ce, "Gwaggo, ya kika ji labarin?" Ta yi shiru, can ta ce, "Uwata," da yake sunan mahaifiyarta aka sa mini, "ni fa wannan littafin naki ban samu ƙofarsa ba. Matso ki ji."

Ta lalubo wayar ta kunna. Wallahi kunya ta rufe ni. Wayar ta fara da kiran sunan fure da Turanci: fure, fure, fure, har sau goma sha biyu, domin kuwa jeren furanni na yi wa shafin ado da shi. Daga nan zuciya, zuciya, tauraro, tauraro. Da ta iso sunan littafin, wanda na rubuta da haruffan nan masu lanƙwasa na gayu da ake kwafowa, sai ta tsallake shi kamar babu komai a wurin. Sai sunan ƙungiyarmu, sai sadaukarwa ga mutum bakwai, sai gaisuwar masoya, sai tallan turaren wuta da lambar asusun banki. Gwaggo ta ce, "Kin ji ko? Kullum kafin in kai ga labarin barci ya kwashe ni." Wannan fa a shafukan kyauta ke nan. Shafukan kuɗi kuwa, da na mayar da su hotuna don tsoron ɓarayi, kalma ɗaya wayar ke faɗa a kan kowanne: hoto. Shafi sittin, hoto sau sittin.

Matar da ta koya mini son littafi, ni da hannuna na rufe mata ƙofa. Ba ta yi mini faɗa ba, cewa kawai ta yi, "Da can ko makaho ya ɗauki littafi ya san ina ne gaba ina ne baya." Har na hau mota na dawo gida maganar tana yi mini yawo a ka.

Abin da ya faru a Ikara

Bayan wannan da kamar wata biyu na je biki Ikara. Wata yarinya 'yar sakandare, ƙanwar amarya, da aka ce mata ni ce wance, ta zo ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce, "Anti, don Allah littafin nan naki na uku da Mamanmu ke ba mu labarinsa, na neme shi a waya na same shi, amma sunan wata na gani a kai." Na karɓi wayar na rubuta sunan littafin a Google. Abin da ya fara fitowa wani shafi ne da ban san mai shi ba. Ga labarina nan kalma da kalma, an raba shi babi-babi, kowane babi da lambarsa da sunan littafin a sama, a ƙasa kuma ga wurin da za ka taɓa ka wuce babi na gaba. Sunana ne kawai babu.

To ni da kaina na sake buga wannan littafi na sa shi a waya shekara biyu kafin nan, amma a ina? A zaurukan WhatsApp, sai kuma hotunan shafuka da na liƙa a Facebook. Na duba sakamakon neman har ƙasa, nawa bai fito ba ko sau ɗaya. Abin takaicin shi ne, ɓarawo ya fi mai kaya iya shirya kaya. Na yi fushi ranar, amma da na zauna na yi tunani sai na ga ciwon Gwaggo da nawa duk ɗaya ne.

Dalili kuwa, shi Google ba mutum ba ne da ke zaune yana kallon adon shafi. Wasu 'yan aike ne na kwamfuta gare shi da ke bin shafuka ɗaya bayan ɗaya ta mahaɗansu, wato abin da muke kira linki, suna karanta haruffa, suna duba sunan shafi da kanun da ke cikinsa, su adana a wani makeken fihirisa. Idan mutum ya rubuta abin da yake nema, a wannan fihirisa ake duba masa. Zauren WhatsApp a rufe yake, 'yan aiken nan ba sa shiga. Shafin da aka mayar hoto kuwa, ba rubutu ba ne a wurinsu da za su dogara da shi. A taƙaice dai, shi ma injin nema lalube yake yi kamar Gwaggo. Abin da makaho ke buƙata, shi mai ƙaramar waya mai fasasshen gilashi ke buƙata, shi ne kuma injin nema ke buƙata: rubutu na gaske, mai suna, mai kai, mai hanya. Wanda ya gyara wa ɗaya ya gyara wa duka ukun.

Ba baƙon abu ba ne a wurinmu

Kada wani ya ce wannan ilimin Turawa ne da ya fi ƙarfinmu. Ni sakandare kawai na gama, kuma da na bi abin a hankali sai na ga magabatanmu sun riga mu sani. Duk wanda ya taso kusa da malamin zaure ya ga littattafan rubutun hannu da ake ajiyewa a gafaka, warƙa-warƙa ba ɗinki. Mai kwafa yakan rubuta kalmar babi ko fasali da jar tawada domin ido ya faɗa a kai nan take. A gindin shafi kuma yakan rubuta kalmar farko ta shafin da ke biye, saboda ko iska ta watsa takardun a iya mayar da kowacce mazauninta. A ƙarshe a ambaci mai littafi, sau da yawa har da shekarar da aka gama. To mene ne wannan in ba kanu, da mahaɗi, da sunan mai abu ba?

Haka kuma a boko. Nan kusa da mu a Zariya aka shirya gasar 1933 ƙarƙashin Rupert East, wadda ta haifar da su Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, kuma a waɗannan shekarun na 1930 ne haruffa masu ƙugiya, ƙ da ɗ da ɓ, suka zauna a rubutun Hausa. Dubi Magana Jari Ce: littafi uku, kowane labari da sunansa a kansa, shi ya sa har gobe mutum zai ce maka buɗe mini labari kaza, ka buɗe ba wahala. Mu ma da muka zo da namu na kasuwa, duk da rainin da aka yi mana, littafinmu yana da bango, da suna, da sunan mai shi, da lamba ɗaya ko biyu ko uku, a baya kuma ga jerin sauran littattafan marubuciya da wuraren da ake samunsu. Babban sakacinmu a lokacin shi ne da yawanmu ba ma sa shekarar bugu. Da Graham Furniss da Malami Buba da William Burgess suka tattara sunayen ɗaruruwan littattafanmu na 1987 zuwa 2002 a wani kundi da ya fito a 2004, abin da ke jikin bango da shafin farko shi ne madogararsu. Wanda ya rubuta bayaninsa ya shiga tarihi da cikakken suna, wanda bai rubuta ba sai a shiga kame-kame.

Ke nan ba ci gaba muka yi ba da muka koma waya, ta wannan fuskar baya muka ci. Je ka kasuwar Makarfi ka gani: masu rake da wurinsu, masu hatsi da nasu, masu dabbobi da nasu. Baƙon da ya zo daga nesa tambaya ɗaya zai yi a nuna masa. Da za a zube rake da tumatir da awaki a tsibi guda, ko kayan sun fi na kowa kyau ba mai tsayawa. Haka shafukanmu suke a yau.

Abin da nake roƙo mu gyara

Akwai wata ƙungiya ta duniya mai suna W3C da ke tsara ƙa'idojin intanet. Tun 1999 ta fitar da ƙa'idojin yadda za a shirya shafi domin masu lalurar gani ko ji ko motsi su iya amfani da shi, ta sabunta su a 2008, ta kuma ƙara a 2023. Kundin yana da yawa, amma abin da ya shafe mu bai taka kara ya karya ba. Ga shi yadda na fahimta, kuma na gwada da kaina.

Na farko, suna a goshi. Kowane shafi ya fara da sunan littafi, lambar babi da sunan marubuci, da haruffa na yau da kullum. Haruffan gayun nan da muke kwafowa ba haruffan rubutu ba ne a wurin kwamfuta, yawancinsu alamomin lissafi ne da suka yi kama da haruffa. Shi ya sa wata wayar ke tsallake su, wata kuma ta dinga kiran sunan kowace alama ɗaya-ɗaya har kan mutum ya yi ciwo. A ƙasa kuma a sa shekara, kada mu maimaita kuskuren da muka yi a takarda.

Na biyu, kai na gaske. A Word, da Blogger, da WordPress, duk akwai wurin da ake zaɓa a ce wannan layin kai ne, ba wai a ƙara masa kauri ko girma kawai ba. A ido duk ɗaya suke, amma a wurin na'ura da bambanci. Idan kai ne na gaske, makaho zai iya tsalle daga babi zuwa babi kamar yadda mai ido ke fifita shafuka, injin nema kuma zai gane abin da shafin ya ƙunsa. Babban kai ɗaya a sama, ƙananan a ƙarƙashinsa bi da bi. Littafi mai tsawo kuma a yi masa shafi guda na jerin babi, daga na ɗaya har na ƙarshe. Idan a Wattpad ne, kowane kashi a ba shi lamba da suna, ba a bar shi da ɗigo uku ko hoton zuciya ba.

Na uku, rubutu ya zama rubutu. A daina ɗaukar hoton fuskar waya ana turawa a matsayin shafi. PDF ma iri biyu ne: wanda aka fitar daga rubutun da aka buga, wannan na'ura na iya karanta shi, da wanda hotunan takarda ne aka haɗa, wannan kuwa sai a hankali. Gwajin mai sauƙi ne: danna kalma ka riƙe, idan ta zaɓu rubutu ne, idan ba ta zaɓu ba hoto ne. Inda kuma hoto ya zama dole, kamar bangon littafi, akwai gurbin da ake rubuta bayaninsa a Facebook da sauran wurare. Layi ɗaya ya isa: bangon littafi kaza, mace sanye da mayafi a bakin rijiya.

Na huɗu, a ba ido da kunne wurin hutawa. Sakin layi gajere, maganar kowane mutum a sabon layi, aya da waƙafi a mazauninsu. Na'urar da ke karatu a aya take tsayawa ta numfasa. Idan babu aya sai ta yi ta zuba kamar famfon da ya lalace. Launi kuma, baƙi a kan fari ko fari a kan baƙi ya wadatar. Ƙa'idar can ta ce bambancin hasken rubutu da na bayansa kada ya gaza 4.5 a kan 1. Ba sai mun iya lissafin ba, ma'anarsa dai rubutun rawaya a kan hoton furanni zalunci ne ga mai raunin ido, da mai karatu a tsakar rana a gona.

Na biyar, mahaɗi ya faɗi inda za shi. Mun saba rubuta "danna nan". Nan ina? Yaron mota a Tashar Yari ba ya cewa shigo nan, cewa yake Kano ko Zariya, kowa ya san motarsa. Makaho yakan sa waya ta jero masa mahaɗan da ke shafi. Idan duka goman "danna nan" ne, ya zai yi? A rubuta: babi na takwas, ko komawa jerin babi, ko sauran littattafaina. Kuma kowane babi ya kasance da hanyar zuwa na gaba da na baya, kamar dai kalmar nan ta gindin shafi da malamai ke rubutawa. Ta waɗannan mahaɗan ne 'yan aiken Google ke bi su gano sauran shafukanka.

Na shida, ƙa'idar rubutu. Wannan ita ce ta fi yi mini ciwo. Mun mayar da z ta koma x, ƙ ta koma q, mun yanke wasula, kuma ta zama kma, babu ta zama bbu. Mai nema zai rubuta zuciya, ke kin rubuta xuciya, ta yaya za ku haɗu? Na'ura mai karatu kuwa da ta iso kalmar da ba wasali sai ta koma kiran haruffa. Batun ƙugiya kuma, a da muna da uzuri, don injin bugu na shagunan kwamfuta ba kowanne ke da su ba. Yanzu Gboard yana da allon Hausa, kyauta, minti biyu ya isa a saka shi. Fada daban faɗa daban, baki daban baƙi daban, kasa daban ƙasa daban. Na san masu nema da yawa ba sa sa ƙugiya, kuma a akwatin nema na wasu manhajoji ƙ daban take da k. Maganin wannan shi ne a rubuta sunan littafi daidai da ƙugiyarsa a sama, sannan a cikin bayanin littafin a ambace shi sau ɗaya ba ƙugiya. Wanda kuma yake da shafin kansa, ya sa mai kula masa ya saita harshen shafin a kan Hausa, alamarsa haruffa biyu ce, ha, domin na'ura ta san da wane harshe take mu'amala.

Na bakwai, labari a gaba, talla a baya. Ban ce a daina gaisuwa ko talla ba, kowa da abin da yake ci da shi. Amma wanda ya shigo don labari a fara ba shi labari. Imoji ɗaya ya isa ado, goma sha biyu azaba ce.

Na san abin da za a ce

Da na kawo wannan magana a cikin 'yan uwa marubuta, wata ƙawata ta ce, "Hajiya, ke kin ƙoshi ne. Idan na saki rubutu a fili, kafin gari ya waye an kwashe an raba kyauta. Da me zan sayi data, da me zan biya kuɗin makarantar yara?" Maganarta gaskiya ce, kuma ban raina ta ba, don ni ma abin da ya sa na koma hoto ke nan. Kasuwar littafin takarda da muka sani ta ja baya, ɗan abin da makaranta ke turowa shi ne rufin asirin da yawanmu.

To amma mu tambayi kanmu, hoton ya hana sata? Nawa dai bai hana ba. Yau akwai manhajoji irin su Google Lens da ke tsamo rubutu daga hoto cikin daƙiƙa, wanda kuma ba shi da su zai zauna ya sake bugawa da hannu, don ɓarawo ba ya gajiya. Wanda hoton ke hanawa shi ne Gwaggo, da mai ƙaramar data da hoto ke cinye masa kuɗi, da mai tsohuwar waya da sai ya yi ta ja yana matsawa kafin ya ga layi ɗaya. Mun yi gudun gara mun faɗa gidan zago. Mun kulle ƙofa a kan mai saye, ɓarawo kuwa ta katanga ya shigo.

Abin da nake gani shi ne a raba abu biyu. Shafukan kuɗi su zauna a rufe ga waɗanda suka biya, ba wanda ya ce a bayar kyauta, amma a tura musu a rubuce ba a hoto ba. Sannan kowane littafi ya samu ƙofa a fili, inda kowa zai iya gani: sunansa, sunan mai shi, shekara, taƙaitaccen bayani, babi biyu ko uku na ɗanɗano, da yadda za a samu sauran. Wannan ƙofar ita ce bangon littafi na wannan zamani. Ita Google zai nuna wa yarinyar Ikara, ita ce kuma shaidarka ranar da wani ya ce nasa ne, tunda ga sunanka ga kwanan wata.

Wata kuma ta ce ado shi ke jawo makaranta. Ni dai a shekarun da na yi ina rubutu ban taɓa jin wadda ta ce ta bi littafi har ƙarshe saboda furannin da ke samansa ba. Labari ke riƙe mutum. Wata ta ce ba lokaci. Gaskiya ne aikin farko yana cin lokaci, ni sai da na yi sati uku ina gyara tsofaffin littattafaina. Amma ribarsa ta wuce ta yau. OkadaBooks, inda marubutan Hausa da dama suka sa littattafansu, ya rufe a ƙarshen Nuwamba 2023. Kowane dandali na iya rufewa gobe. Wadda take da kwafinta a tsare, babi-babi da suna da shekara, kwashewa kawai za ta yi ta koma wani wurin. Wadda nata ke warwatse a zaure goma da wayar da ta faɗa ruwa, sai dai mu ce Allah Ya mayar da alheri.

Haƙƙi ne, ba alfarma ba

A ƙarshe ina so mu san cewa wannan ba taimako ba ne muke yi wa makafi don tausayi. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci. Kafin nan, a 2017, Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Marrakesh ta 2013, wadda aka ƙulla a Maroko domin makafi su samu littattafai ta sigar da za su iya karantawa, kuma dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta buɗe hanyar yin hakan. Duniya ta yarda karatu haƙƙinsu ne. Mu da muke rubutu da harshen da suke ji, bai kamata a ce mu ne shingen ba.

Balle mu mutanen ƙasar Zazzau. A nan aka yi Malam Aliyu Namangi, makaho tun yana ƙarami, mai waƙar Imfiraji, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta ba digirin girmamawa, ya rasu a 1990. Masu ido sun sha daga abin da makaho ya bari, har yau ana sha. Ashe ba abin kunya ba ne a ce jikokinsa marubuta sun shirya rubutunsu ta yadda makaho ba zai iya kusantarsa ba? Kuma mu tuna, ido amana ne. Yau ina gani, amma tabarau na riga na fara sawa, ban san abin da gobe za ta zo da shi ba. Wataƙila ƙofar da na gyara wa Gwaggo ni zan bi ta cikinta wata rana.

Na sake shirya littafin nan na tura mata a rubuce, babi-babi, ba fure ba tauraro. Bayan kwana huɗu ta kira ni da sassafe. Ko gaisawa ba mu gama ba ta ce, "Uwata, me ya sa kika bar yarinyar nan ta koma gidan mutumin nan a babi na goma sha ɗaya? Ni ban yarda da wannan ba." Muka yi kusan rabin awa muna musu a kan labarin, har katina ya ƙare.

Don haka ga roƙona gare ku. Yau da dare, kafin ki saki shafi na gaba, shiga saitin wayarki ki kunna TalkBack, ki rufe ido, ki saurari shafin da kika saki jiya tun daga sama. Ki fara koyon yadda ake kashe ta tukuna, don tana canza yadda ake taɓa waya. Idan kin kai ga labarin ba tare da ranki ya ɓaci ba, to madalla. Idan kuwa kin ji abin da na ji a Hunkuyi, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Wanda maganata ta ɓata wa rai ya yafe mini. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya bar mu da ganinmu da jinmu, Ya sa alƙalaminmu ya amfane mu duniya da lahira. Ci gaban labari sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.